Sukuwar Minti Goma, Liyafar Yini Guda

Ranar Asabar ta ƙarshen watan Afrilun kowace shekara, ana yin wata sukuwar dawaki a kwarin Worthington da ke jihar Maryland ta Amurka. Sunanta Maryland Hunt Cup, kuma tun 1894 ake yin ta. Tsere ɗaya tak ake yi a ranar, da ƙarfe huɗu na yamma. Dawakan na yin gudun mil 4 a kan ciyawa, kusan kilomita 6 da rabi ke nan, suna tsallake shingayen katako guda 22, waɗansu tsayinsu ya kusa ƙafa 5. Katakon mai ƙwari ne, ba ya rusuna wa doki. In ƙafa ta doke shi da ƙarfi, sai dai a ga doki da mahayi a ƙasa. Mahayan ma sha'awa ce ta kawo su, hawan ba sana'arsu ba ce. Daga tashi zuwa ƙarewa, abin bai cika minti goma ba.

Duk da haka, tun rana na tsaka motoci ke jeruwa a gangaren tudun da ke fuskantar filin. Kowane gida ya nufi inda zai tsaya, a buɗe but, a shimfiɗa ƙyalle, a shiga fito da kwanuka da kuloli. Abin da mutum ya ɗauko daga gida shi zai ci, shi kuma zai miƙa wa wanda ya tsaya gaishe shi. Kaka na zaune a kujerar naɗewa, jikoki na guje-guje a ciyawa, ana ci ana hira har a ji an ce dawaki sun fito. Cikin masu zuwa akwai da yawa da ba za su iya kawo sunan doki ko ɗaya ba. Na daɗe ina juya wannan al'ada a raina, kuma na yarda cewa girkin nan na bayan mota yana cikin manyan abubuwan da suka riƙe irin wannan sukuwa har ta kai yau. Doki ne ke tara jama'a, girkin gida kuma shi ke sa su dawo baɗi.

Asalin sukuwar tsallake shinge daga ƙasar Ailan yake. Labarin da aka fi kawowa shi ne na 1752, lokacin da Cornelius O'Callaghan da Edmund Blake suka yi tsere a yankin Cork, daga cocin garin Buttevant zuwa na Doneraile, tafiyar mil 4 da ɗoriya. Ba a shata musu hanya ba. Hasumiyar cocin da suke hangowa suka sa a gaba, duk abin da ya gitta, katangar dutse ko rami ko shingen gona, sai dai a tsallake. Ingila ta ɗauki abin ta girmama shi, har aka sami Grand National ta filin Aintree kusa da Liverpool, wadda aka fara a 1839. Sai dai akasarin irin wannan sukuwa, a Ingila da Ailan da gabashin Amurka, a gonaki da makiyaya ake yin ta, sau ɗaya ko biyu a shekara, kuma ƙungiyoyin masu farauta a kan doki ne suka saba shirya ta. Inda ba a gina benen 'yan kallo ba, balle ɗakin girki, dole mai zuwa ya taho da guzurinsa. A da cikin kwando ake ɗauko shi a keken doki. Da mota ta zo, sai ta zama tebur, ta zama kujera, ta zama mafaka in ruwa ya sauko.

Larura ce ta tsara abincin. Abin da za a dafa tun jiya, a yi tafiyar awa ɗaya ko biyu da shi, a ci shi a tsaye da kofi a ɗaya hannun, dole ya kasance mai daɗi ko ya huce, kuma wanda ba ya neman cokali. Wasu filayen ma sun hana kunna wuta da shigo da kwalba, saboda ciyawa da ƙafafun dawaki. Shi ya sa a jihohin Virginia da Tennessee da Carolina ta Kudu, soyayyiyar kaza ce ke gaba. Ana jiƙa ta cikin madara mai tsami ta kwana, a turbuɗa ta cikin fulawa da gishiri da barkono, a soya a mai mai yawa. Masu iyawa ba sa rufe ta da zafinta, sai ta sha iska ta huce sarai, don kada tururi ya lausasa ɓawon. In an yi haka, washegari ma garas-garas take.

Kazar nan tana da tarihin da bai kamata a tsallake ba. Akwai wani ƙaramin gari a Virginia mai suna Gordonsville, mahaɗar layukan dogo. Bayan yaƙin basasar Amurka da ya ƙare a 1865, matan baƙar fata waɗanda ba su daɗe da fita daga bauta ba sukan ɗora faranti a ka, su bi gefen jirgi suna miƙa wa fasinjoji soyayyiyar kaza da burodi da gahawa ta taga. Duk wanda ya taɓa bin jirgin ƙasa daga Kano zuwa Legas, ya ga masu talla sun yanyame tarago a tasha, ya san irin hoton. Da wannan tallar wasu cikinsu suka ciyar da 'ya'ya, har suka gina gidajen kansu. Ba nisa da garin nan gidan gonar Montpelier yake, gidan James Madison, shugaban Amurka na huɗu, inda bayi suka yi noma suka yi girki. A filin wannan gida ne Marion duPont Scott ta kafa sukuwa a 1934, wadda har yau ake yi a farkon watan Nuwamba. Hannuwan baƙaƙen mata ne suka ƙware a wannan suya tun kafin ta hau farar shimfiɗar masu dawaki, kuma ina ganin haƙƙinsu ne a ambace su duk lokacin da ake yabon teburin.

Kusa da kazar za a ga dafaffen ƙwai da aka raba biyu, aka cire gwaiduwar aka kwaɓa ta da mayonis da ɗan yaji, aka mayar cikin farin. Akwai gogaggen cuku da ake haɗawa da mayonis da jan tattasai a shafa a burodi, abin da mutanen kudancin Amurka ke ji da shi ƙwarai. Akwai gasasshen naman sa yankan siriri, da kokwamba a tsakanin burodi, da shayi mai sanyi da ya ji sukari da ƙanƙara. A Maryland, da yake suna bakin mashigin ruwan Chesapeake, naman ƙaguwa ake dunƙulawa a soya. Sukuwar Far Hills ta jihar New Jersey kuwa a watan Oktoba ake yin ta, sanyi ya fara shigowa, don haka fulas ne ke aiki: wake da niƙaƙƙen nama mai yaji, da ruwan tuffa mai zafi. Haka a Ingila, inda ake yin yawancin sukuwar gonaki cikin sanyi da caɓi, romo mai zafi da shayi ba sa barin but. Ba zan ɓoye ba, naman alade da giya suna da babban gurbi a kan waɗannan tebura. Ɗan ƙaramin burodi mai laushi da naman alade mai gishiri a ciki kusan ba ya rasuwa a Virginia, haka barasar da suke haɗawa da na'a-na'a da sukari. Abincin wani gubar wani. Wannan nasu ne, ba mu da rabo a ciki.

Yawan abincin shi ne abin lura. Ba wanda ke auna girkinsa da cikin mutanen gidansa. A wuraren da ake yin tsere shida ko bakwai a yini, tsakanin wannan da wancan akan sami rabin awa ko fiye, sai jama'a su bi layin motoci suna gaisawa. Tsohon abokin makaranta, maƙwabcin da ya tashi daga unguwa, surukai, abokin abokin wani, duk wanda ya tsaya sai an ɗora masa wani abu a hannu. Wanda ya sayi tikiti ya zauna a benci ɗan kallo ne kawai, in an tashi ya kaɗe rigarsa ya tafi. Wanda ya yi shimfiɗa ya ciyar da mutane kuwa ya zama mai masauki, kuma mai masauki ba ya fashin taron da ya san baƙinsa za su neme shi a ciki. A wurare da dama, wanda ya riƙe gurbin ajiye mota bara shi ake fara tambaya bana. Saboda haka akwai gidajen da suka yi shekaru da dama a gurbi ɗaya a bakin shinge, uba ya bar wa 'ya'ya, har jama'a su riƙa kwatance da su.

Wannan gurbin kuɗi ake biya, kuma inda kuɗin ke zuwa shi ne rabin labarin. A birnin Nashville na jihar Tennessee ana yin sukuwar Iroquois tun 1941 a gandun Percy Warner. Daga 1981 aka ɗaura ta da asibitin yara na jami'ar Vanderbilt, kuma abin da ta ba asibitin ya haura dala miliyan 10. Ta Far Hills ma harkar lafiya a yankinta take tallafa wa. Ta Radnor a jihar Pennsylvania kuwa, daga 1980 ribarta ta riƙa tafiya ga ƙungiyar Brandywine Conservancy, mai aikin kare gonaki da dazuzzuka da magudanan ruwa daga masu yanka fili. A Virginia, gasar Gold Cup da aka fara a 1922 ta kusa rasa wurin zama saboda gine-gine sun ci tsohon filinta. Wani mai gidajen jarida, Arthur Arundel, ya sayi wata tsohuwar gona a 1982 wadda aka riga aka yi niyyar yankawa a yi gidaje, ya mayar da ita hannun gidauniya. Ita ce Great Meadow, inda ake yin gasar tun 1985, ranar Asabar ta farkon watan Mayu. Ita ma Marion duPont Scott, wadda dokinta Battleship ya ci Grand National a 1938, da ta rasu a 1983 ta bar wa jihar Carolina ta Kudu filin Springdale na garin Camden, da sharaɗin ya ci gaba da zama na dawaki. Masu arziki ne suka ba da filayen, gaskiya ne. Amma fili mai eka ɗaruruwa yana cin kuɗi kowace shekara, yankan ciyawa da gyaran shinge da ban ruwa, kuma dubban gidajen nan masu kaza a kula suna cikin masu ɗaukar nauyin.

Al'adar tana da nata aibin, kuma ba ƙarami ba ne. Gurbin bakin shinge ya fi ƙarfin talaka, don haka taron ya fi zama na masu hali, akasarinsu farar fata. Ana yin gasar wanda ya fi ƙawata teburinsa, har da alƙalai, sai ka ga kayan azurfa da furanni da fitilun kyandir da rana tsaka, abin ya tashi daga ciyarwa ya koma nuna isa. A wasu wuraren ɗaliban jami'a kan mayar da ranar ta shaye-shaye har sai 'yan sanda sun shiga tsakani. A Ingila da Ailan caca na manne da sukuwar. Su kansu dawakan sukan karye a shinge, wasu su mutu, abin da ya sa a Aintree aka yi ta sassauta shingaye ana rage yawan masu shiga. Duk wanda ya taɓa kiwon doki ba zai ji wannan ya wuce shi ba tare da ransa ya sosu ba.

Mu kuwa ba a gaya mana doki. Daga Katsina zuwa Damagaram, daga Sakkwato zuwa Bauchi, akwai hawan sallah da kilisa da sukuwa da holo. A 2024 hukumar UNESCO ta sa hawan daba na Kano cikin jerin al'adun gado na duniya. Wajen ado da iya hawa, ban ga abin da za mu koya a Maryland ba. Abin da ya dame ni shi ne halin ɗan kallo. A yawancin filayen sukuwarmu mutum tsayuwa yake yi a rana, cikin ƙura da turereniya, dogarai ko 'yan sanda na kora da bulala. Rumfa guda ce, ta manyan baƙi. Magidanci mai mutunci ba zai ɗauko mahaifiyarsa da matarsa da ƙananan yara ya kawo su nan ba, don haka filin ya zama na samari kusan zalla. Yarinyar da kakanta ke da dawaki biyar a barga tana iya girma ba ta taɓa zama ta kalli sukuwa daga fari har ƙarshe ba. Filin da gidaje ba su da gurbi a cikinsa kuwa, ranar da aka zo da tef da turaku za a yanka shi, ba mai tsaya masa. Dandalin Tafawa Balewa na Legas filin sukuwa ne kafin a gine shi, kuma kowa ya san yadda filayen wasa da makiyaya da gefen filayen idi ke komawa shaguna a garuruwanmu.

Abin da nake ganin za mu iya ɗauka ba ya buƙatar mota ko kaɗan. Tabarma da rumfar zana ko tamfol sun isa. Masarauta ko ƙungiyar masu dawakin gari za ta iya shata gefe guda na filin da igiya da farar ƙasa, nesa da hanyar dawaki gwargwadon yadda ba za a yi haɗari ba, a raba shi gurbi-gurbi, a sa lamba. Gida ya karɓa, ko zuri'a, ko unguwa, ko ƙungiyar mata masu adashi. Wanda ya riƙe bana shi za a fara nema baɗi. A keɓe ɓangaren da mata za su sake, da makewayi da ruwan alwala, a kuma tsara tsere yadda ba zai ci lokacin la'asar ba. Kuɗin gurbi ya zama daidai aljihun malamin firamare, a bar wani yanki mai inuwa kyauta ga wanda ba shi da ko wannan. Sa'an nan a faɗi tun farko inda kuɗin zai tafi, ɗakin haihuwa na asibitin gari ne ko katange filin kansa, a kuma karanta lissafin bara da lasifika kafin a saki dokin farko. In ba a yi wannan karatun ba, shekara biyu ta yi yawa mutane su janye hannu. Haɗa doki da taimako ma ba baƙon abu ba ne a wurinmu, tunda a filin holo na Fifth Chukker kusa da Kaduna an daɗe ana yin gasar da ke tallafa wa ayyukan UNICEF.

Ta fuskar abinci kuwa, mun fi su kayan aiki. Jikokin fatake da mahajjatan ƙasa ba sa rasa guzurin da zai yi kwanaki. Dambun nama da kilishi da soyayyen naman layya ba ruwansu da firji. Ga alkaki da nakiya da dubulan da gireba, waɗanda iyayenmu mata ke yi wa amarya gara su yi makonni ba su canza ba. Ga dakuwa da ƙuli-ƙuli da dabino da aya. Waina da sinasir da funkaso, in an yi su da safe aka zo da su da ƙuli ko yaji ko zuma maimakon miya, za su kai yamma lafiya. Soyayyiyar zabuwa ba ta da abin jin kunya a gaban kazar Virginia. Kuma ciyar da wanda ya tsaya a bakin tabarmarka ba abin da za a koya wa Bahaushe ba ne, wanda ko ɗan loma yake ci sai ya ce bismillah.

Inda za mu yi hattara shi ne zafi. Hukumar aikin gona ta Amurka na gargaɗin kada a bar abinci mai saurin lalacewa a waje fiye da awa 2, in kuma zafin ya haura digiri 32 a ma'aunin Salshiyos, awa 1 kacal. Su da ke sukuwa cikin sanyin bazararsu ke nan. A Kano ko Maraɗi, watan Afrilu kan kai digiri 40. Saboda haka ƙwai mai mayonis da salak ba na filinmu ba ne sai in akwai ƙanƙara da gaske. Kunun aya kowa ya san ba ya jure rana, kwaɗon zogale ma haka, fura da nono kuma gara a dama a wurin a sha nan take. Zoɓo da tsamiya da lemon citta a kula mai ƙanƙara sun fi aminci. In da so samu ne, a sa irin wannan taro a watannin Disamba da Janairu, a kuma zo da murafai da faifai saboda ƙurar hunturu.

Kada kuma a ce don gidaje sun zo da girkinsu za a kori masu tsire da balangu da gurasa da 'yan mata masu tallar gyaɗa. Ranar sukuwa ranar cinikinsu ce, kuma matan Gordonsville 'yan'uwansu ne a sana'a. A ba su layinsu, a kai musu ruwa, a bar mai gurbi ya aika yaro ya sayo tsire mai zafi ya ƙara a kan abin da uwargida ta kawo. Taron da ya ƙaru da mata da yara da tsofaffi, cinikinsu ƙaruwa zai yi.

Saura shara. Filayen da ake wannan sukuwa a can, da yawansu makiyaya ne, bayan kwana kaɗan dabbobi za su dawo kiwo, don haka ana sa ran kowace mota ta tattara tarkacenta kafin ta fita. Mu namu filayen ma awaki da tumaki da shanun gari ne ke bin su da an watse, kuma mahauta sun san yawan ledar da suke cirowa daga tumbin dabba. Tunda kowane gurbi yana da lamba da sunan gidan da ya karɓa, ba wuya a san wanda ya bar nasa da datti. A ba kowane gida buhu tun a ƙofar shiga, a kuma rubuta cikin sharaɗin karɓar gurbi cewa wanda ya tafi ya bar leda da ƙasusuwa a ƙasa, baɗi wani za a ba wurin.